Daga Damagaram zuwa bakin tekun Benin da kat-kat: jagorar 'yan fada idan baƙi sun watse

Direban da ya saba hanyar Tasker, ko wanda ya sha shiga ƙauyukan arewacin Tanut, ba sai an koya masa rairayi ba. Ya san lokacin rage iskar taya, ya san ba a tsayawa a gindin tudu. Shi ya sa duk ranar da maganar zuwa bakin teku ta taso a fada, shi ne zai fara cewa ai wannan ba wani aiki ba ne. Rabin maganarsa gaskiya ce. Rairayin can ma rairayi ne, sai dai yana maƙwabtaka da ruwan da ke cikowa sau biyu a yini, ya janye sau biyu, kuma ba ya jiran kowa ya gama haƙa. Idan mota ta kafe a hanyar Gure, kana iya kwana ka fitar da ita da safe. Idan ta kafe ƙasa da iyakar ruwa a Grand-Popo, awa biyu ko uku gare ka, wani lokacin ma ba su kai ba.

Gaɓar da ta fi dacewa da mu ita ce ta Benin. Kuɗinmu ɗaya, sefa, agogonmu ɗaya, faransancin da za a yi da jami'i shi ne wanda muka sani, ga Hausawa cike da unguwar Zongo a Kwatano. Gaɓar ƙasar duka ba ta wuce kilomita 125 ba, kuma wuri biyu ne suka shafe mu. Na farko hanyar masunta da ake kira Route des Pêches, wadda ta tashi daga Fidjrossè a Kwatano ta bi ta Togbin da Avlékété har bakin ruwan Wida (a allunan hanya za ku ga Ouidah), wajen kilomita 40. An shimfiɗa kwalta a ɓangaren Kwatano, aikin kuma yamma yake ta matsawa, don haka rairayin da ya rage raguwa yake yi. Na biyu Grand-Popo, wajen kilomita 80 daga Kwatano ta hanyar Lome, inda siririn tudun yashi ya raba teku da kogin Mono har zuwa mashigarsa, Bouche du Roy. Can ne na fi so, don can ne har yanzu za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga kowa ba sai masunta da itatuwan kwakwa.

Fara da zaɓen wata

Kudancin Benin damina biyu gare shi. Babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne kan gaba wajen ruwa. Sai a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta zo daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, rani ya ɗauka daga Disamba zuwa Maris. Cunkoson baƙi yana faɗowa ne a ƙarshen Disamba, da wajen 10 ga Janairu lokacin bikin Vodun, addinin gargajiyar can, a Wida, da hutun Turawa na Yuli da Agusta. A Grand-Popo akwai kuma bikin Nonvitcha na ƙabilun Xwla da Xwéda, wanda ake yi tun 1921 a lokacin Fentikos, bikin Kiristoci, cikin Mayu ko Yuni. A waɗannan ranaku ɗakin kwana ma wuya yake yi.

Ba kowane lokacin rashin baƙi ne ya dace da ku ba. Daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi hauka, saboda manyan igiyoyin ruwa da ke tasowa daga kudancin Atlantika. A Satumba da Oktoba kogin Mono kan yi ambaliya, musamman idan an saki ruwan madatsar Nangbeto da ke Togo, sai hanyoyin ƙauyukan Grand-Popo su cika. Shawarata: ko dai ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, ko tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Na farkon ya fi daɗi ga Badamagare, don lokacin ne zafinmu ke shirin haura digiri 40, can kuwa yana wajen 31 zuwa 32 da iskar teku. Amma kada wannan lamba ta ruɗe ku, gumin can ba ya bushewa a jiki. Ku duba kuma inda azumi ya faɗo a shekarar.

Sa'annan ku zaɓi tsakiyar mako. Ko a lokacin da otal-otal ke wayam, ran Lahadi da yamma mutanen Kwatano kan cika Fidjrossè da Togbin maƙil.

Hanya da takardu

Daga Damagaram ta Maraɗi, Ƙonni, Doso, Gaya, a ƙetare zuwa Malanville, a gangara ta Kandi, Paraku, Dasa da Bohikon, tafiyar ta haura kilomita 1,600. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ta shiga rufi, matafiya suka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale. Halin iyaka abu ne mai juyawa, don haka kafin kowa ya ba da kuɗinsa ku je tasha ku tambayi direbobin da suka dawo a makon. Wasu kan bi ta Matamai da Daura zuwa Kano, su gangara Legas su shiga ta Seme. Ko wacce kuka bi, ba a tafiyar dare, balle a arewacin Benin inda aka sha kai hare-hare tun 2021.

Saboda duk wannan, ni na fi ganin ku bar motarku a gida. Ku shiga bas, ku nemi kat-kat a Kwatano, ko ta haya ko ta ɗan'uwa cikin masu harkar fiton motoci, da wuya a rasa wani na gida a can. Idan haya ce, ku faɗa wa mai motar ƙarara cewa rairayi za ku shiga. Wanda ya ɓoye wannan, shi zai biya gyara shi kaɗai. Idan kuwa taku za ku kai, sai an haɗa da takardar mota, da lasisin tuƙi, da inshorar da ke aiki a ƙasar da za a shiga, da takardar izinin shigar mota daga duwan. Kowa ya riƙe katin shaidarsa ko fasfo, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, don Benin na tambayarsa.

Kuɗi kuwa, karo-karo tun a gida, ma'aji ɗaya, a ware wani abu gefe da ba a taɓawa sai mota ta kafe ko ta lalace. Wannan ajiyar ita ce ladan samarin ƙauyen da za su tura ku.

Motar da kayanta

Mota biyu ake so, ba ɗaya ba. Ɗaya ita ce igiyar ɗaya. Kuma a tabbata kat-kat ce ta gaske, wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, mai 4H da 4L (babbar giya da ƙaramar giya ta jan tayoyi huɗun), irin su Hilux, Prado ko Land Cruiser. Ƙananan motocin gari masu tsayi da ake kira kat-kat don siffarsu, yawancinsu ba su da ƙaramar giya, cikinsu kuma kusa da ƙasa yake. Ku gwada shigar 4L ɗin tun a garejin mai ita. Idan tsohuwa ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, a juya shi da hannu a ga yana kamawa.

Abin da ba a shiga sai da shi: shebur biyu, awon iskar taya, famfon iska mai aiki da batirin mota, igiyar ja mai ƙarfi da ba ta da ƙugiyar ƙarfe, faranta biyu na fita daga rairayi irin waɗanda direbobin Agadas ke ɗaurewa a gefen mota (in babu, katako mai kauri), jak da faffaɗan katakon da zai zauna a kai, da safaya mai iska. A cika tanki a gidan mai na gaske kafin a bar kwalta. Man kwalba na bakin titi da suke kira kpayo yana ko'ina, amma ba ranar gwada shi ba ce, kuma rairayi na shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba. Ruwan sha aƙalla lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum, ban da na wanke hannu da kwanoni.

Jadawalin ruwa kafin a tayar da mota

Nan ne aikin yake. Teku na cikowa ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wanda ya ce maka jiya ƙarfe goma ruwa ya janye, ya faɗi gaskiya, amma jibi ba haka ba ne. A intanet ana samun jadawalin cikar teku na Kwatano kyauta, a sauke shi a waya tun ana gari. Idan na Lome kuka samu, ku tuna agogon Togo yana bayan na Benin da awa ɗaya.

Wata ne ke jan ruwan, kuma lissafin wata ba baƙonmu ba ne. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 zuwa 16, ruwa ya fi hawa sama ya fi kuma janyewa ƙasa. A wajen 7 da 22 ga wata bambancin kaɗan ne. A wannan gaɓar tazarar cika da janyewa ba ta da yawa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ce galibi, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Bakin ruwan yana da gangara sosai, igiyar ruwa kuma tana fashewa ne daf da gaɓa da ƙarfi, ta haura sama fiye da yadda ido ya zata. Sa'annan ruwa ba ya hawa daidai wa daida: awa ta farko bayan janyewa kamar ba ya motsi, a awa ta uku da ta huɗu kuwa yake yin kusan rabin hawansa duka.

Ƙa'idar ita ce: in har taya za ta taɓa jiƙaƙƙen yashi, to daga awa biyu kafin cikakken janyewa zuwa awa ɗaya bayansa. A naɗa mutum ɗaya mai agogo, wanda in ya ce a fita, an fita, ko da shayi bai nuna ba.

A nemi izini, a karanta ƙasa

Bakin ruwan nan wurin aikin mutane ne. Da kun isa ƙauye, ku tsaya, biyu su sauka su gaida dattawan masunta, a tambayi mai gari ko wakilinsa ko mota na iya wucewa da inda ba a so ta bi. Ku ɗauki saurayi ɗaya na garin ya shiga gaba ya nuna hanya, ku biya shi. Shi ya san inda ruwan jiya ya zaftare gaɓa ya bar gefe mai tsayin ƙugu wanda ba a hangowa daga cikin mota. Shi ya san wuraren bautarsu, wani lokacin ɗan tsibin ƙasa ne da farin ƙyalle da ganyen kwakwa, ba a takawa, ba a ɗaukar hoto sai an yarda. Inda aka kafa allon hani ko gaban otal, ba sai an yi gardama ba.

Masuntan nan da taru suke kamun kifi daga gaɓa. Kwale-kwale ya kai tarun cikin ruwa, mutane da yawa su yi layi suna jan igiyoyinsa biyu awa da awanni suna waƙa. Igiyar tana ratsa bakin ruwan a miƙe, wani wuri a binne cikin yashi. In kun hango layin mutane, ku tsaya nesa, ku kewaya ta baya.

Yanzu ku sauka da ƙafa ku duba. Za ku ga wani layi mai duhu da ya bi gaɓar: ɓawon kwakwa, ciyawar ruwa, tsoffin silifa, marufan kwalba. Nan ruwa ya tsaya a cikarsa ta ƙarshe. Ƙasa da layin, yashin jiƙaƙƙe ne, amma a wannan gaɓar siriri ne kuma a karkace, kuma ba ko'ina yake da tauri ba. Taka shi ka gani: in sawunka ya nutse ya cika da ruwa, mota mai tan biyu da rabi ba ta da abin yi a wurin. Sama da layin kuwa busasshen rairayi ne mai laushi, kuma nan ne kunkurun teku ke haƙa rami su binne ƙwai, galibi daga wajen Satumba zuwa farkon sabuwar shekara. Ƙwan na yin kusan wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe. Nauyin mota na danne ramin, sawun taya kuma kan zame wa 'ya'yan kwari da ba sa iya haurawa zuwa ruwa. In ka ga faffaɗan sawu ya fito daga ruwa ya hau tudu ya koma, gida ne a wurin. Yankin Bouche du Roy na cikin gandun Mono da UNESCO ta amince da shi a 2017, kuma akwai 'yan ƙauyen da ke gadin ƙwan.

To ƙasa ruwa, sama ƙwai, ina mota za ta bi? Ta hanyar yashin da ke bayan gaɓa, tsakanin itatuwan kwakwa, wadda mutanen ƙauyukan ke bi. Tana da laushin da zai ishi duk mai son gwada hannunsa, da ramuka, da kwana-kwana, kuma teku na gefenka kana kallo. Hotunan da ake gani na mota tana fasa kumfar ruwa a guje, an ɗauke su ne a gaɓoɓi masu faɗi da shimfiɗa, ko kuma mai motar bai damu da ita ba. Ni ban ga abin da ake samu a ciki ba sai tsatsa.

Tuƙin kansa

A bakin kwalta za a tsaya a rage iska, tayoyi huɗu daidai, da awo ba da ido ba. Motar da ke tafiya da iskar taya kilo 2.2 zuwa 2.5 a kan kwalta, a sauke ta zuwa 1.5. In rairayin ya yi laushi sosai a je 1.2. Ƙasa da 1.0 sai don fitar da motar da ta kafe, domin a nan taya ke iya saɓulewa daga ƙarfenta. Dalilin ragewar shi ne tayar ta ƙara tsawon abin da take takawa, nauyi ya bazu, ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi.

A sa 4H tun kafin a shiga, ba sai an fara nutsewa ba. Idan motar zamani ce mai na'urar hana sulɓi, a kashe ta, don tana yanke wuta daidai lokacin da ake buƙatarta. Giya ta biyu ko ta uku, wuta daidai ba yankewa, gudu tsakanin kilomita 20 zuwa 30 a awa. Inda ya yi zurfi a koma 4L a ɗauki ta biyu ko ta uku. Kada a canza giya a tsakiyar laushi, don da ka taka kuloci motar ta tsaya cak. Kwana a yi ta da faɗi, birki kuma a bar shi: ɗaga ƙafa kawai, rairayi zai tsayar da kai, taka birki kuwa tudu yake tarawa a gaban taya. A bi sawun da aka riga aka taka. Mota ta biyu ta bar tazarar da in ta gaba ta kafe, ita tana da wurin tsayawa a ƙasa mai tauri.

Bayan ruwan sama za ku tarar da kududdufai a hanyar, wasu na haɗe da tafkin da ke bayan gaɓa. Mutum ya shiga da sanda ya auna tukuna. In ya wuce tsakiyar taya, ko ƙasan laka ce, a juya. Yaran ƙauye kuma na fitowa da gudu daga cikin kwakwa, da awaki da aladu, don haka cikin gari tafiyar ƙafa ake yi da mota.

Idan ta kafe

Da ka ji tayoyi na juyawa mota ba ta gaba, ɗaga ƙafa nan take. Kowace daƙiƙa ta ƙarin wuta rami take haƙa maka, har cikin motar ya zauna a ƙasa, daga nan kuma aikin ya ninka. Gwada baya a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, kowa ya sauka, har babban yaya da ke gidan gaba. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a sauko, nauyi muke ragewa." A sauke kula da jarkokin ruwa. A ƙara rage iska zuwa 1.0. A haƙe gaban tayoyi huɗun a yi musu gangara mai sauƙi, a kwashe rairayin da ke ƙarƙashin motar har haske ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A cusa faranta a ƙarƙashin tayoyi, a miƙe sitiyari, 4L, giya ta biyu, wuta kaɗan, mutane na turi. In ta hau, kada direba ya tsaya murna sai ya kai tauri.

Wajen ja da ɗaya motar, a ɗaura igiya a maɗaurin da ke jikin shasi. Kada a kuskura a rataya ta a ƙwallon jan tirela na baya, yana karyewa ya tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. A jefa tabarma ko bargo a tsakiyar igiyar, kowa ya ja baya fiye da tsawonta, mutum ɗaya ne ke ba da umarni.

In kuwa an yi rashin sa'a tana ƙasa da layin ruwa kuma ruwan na tasowa, kada a ɓata rabin awa ana gwada dabara. A tura ɗan rakiya ya kira masunta tun a minti na farko. Mutanen da ke tura kwale-kwalen katako sama kowace rana sun san aikin, kuma suna da yawa. A yi ciniki da mutunci, a biya.

Shimfiɗa, abinci da salla

A ajiye motoci sama da layin ruwa, a kan tauri, hancinsu na kallon hanyar fita. Ɗaga kai kafin a shimfiɗa tabarma: kwakwar da ta nuna tana faɗowa ba sallama, tana fasa gilashi balle kai. Ku nemi rumfar ganyen kwakwa ta masunta ku yi haya, ko ku ɗaura tampol tsakanin motocin ku binne duwatsun ɗaurinsa cikin yashi, don iskar yamma tana da ƙarfi.

Kilishin da aka taho da shi daga gida a bar shi cikin abu mai murfi har lokacin ci, danshin can na sa shi laushi cikin ɗan lokaci. Dambun nama ya fi jure hanya. Fura da nono sai cikin ƙanƙara, in ba haka ba kafin azahar sun yi tsami. Nama a saya a Zongo da safe wurin mahautanmu, an huta da tambayar wa ya yanka. Amma wanda ya zo daga Damagaram har bakin teku ya ci tsire kawai ya cuci kansa. Ku jira a jawo taru, ku sayi kifi wurin matan da ke karɓarsa a nan take. Duba ido ya zama garau, ƙasan kunnen ja, tsoka na dawowa in an danna. A tsaga shi gefe-gefe, gishiri, yajin ƙuli, lemon tsami, a ɗora a waya bisa garwashin da ya daina hayaƙi. Ruwan ɗanyar kwakwa na nan wurin yara, a sare maka a gabanka.

Gawayi a ƙulle shi cikin buhu kada ya sha danshi. Murhun shayi a haƙa masa ɗan rami a bayan mota inda iska ba ta bugawa, nesa da tanki da jarkar mai, in ba haka ba garwashin zai cinye kafin a kai ga na biyu. Bayan an gama a kashe wutar da ruwa. Binne garwashi da yashi ba ya kashe shi, yaron da ke yawo ba takalmi ne zai taka.

Alƙibla ba wuya: teku na kudu, ka sa shi a hannun damanka ka ɗan karkata hagu, arewa maso gabas. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sai dai a ɗebo a bokiti a hau sama a yi, ba a tsuguna a bakin igiyar ruwa ana ba ta baya ba.

Maganar wanka

Wannan gaɓar na cin mutane kowace shekara, har da waɗanda suka iya ruwa. Iyon da aka koya a tafkin Gidimuni ko kududdufan damina ba ya aiki a nan. Igiyar ruwa na buge ƙafafu, mai komawa ta kwashe yashin da kake tsaye a kai, taku biyu gaba kuma zurfi ne. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a gaɓa ke komawa teku ta hanya ɗaya, kamar yadda kwari ke kwasar ruwa bayan an yi mamako. Abin takaicin, wurin ne ya fi kama da lafiya: igiyar ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu ko ya yi gauraye da yashi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye. Ya yi iyo a gicciye, gefen da gaɓar ta miƙa, har ya fita daga jan, ko ya kwanta bisa ruwa ya ɗaga hannu. Na waje kada su bi shi, su jefa masa jarka marar komai mai murfi, su kira masunta. Lambar 'yan kwana-kwana a Benin 118 ce.

A fadarku ku yanke hukunci tun a mota: iyakar ruwa gwiwa, fuska na kallon teku, ba mai shiga shi kaɗai, ba mai shiga don hoto. Mai son jin ruwa sosai ya hau kwale-kwale a kogin Mono da rigar kariya, ya je ya ga inda kogi ke haɗuwa da teku. A mashigar kanta ba a wanka sam.

Fita

Rana na faɗuwa wajen ƙarfe bakwai saura, duhu kuma ba ya jinkiri, sauron tafki na biye da shi. Ƙarfe biyar a fara naɗe tabarmi. Dare na kunkuru ne, fitilar mota na ruɗa su, kuma ramin da ka kauce wa da rana ba za ka gan shi ba. A kwashe shara duka a tafi da ita gari, musamman leda, wadda Benin ta haramta marar ruɓewarta da doka tun Disambar 2017. A sallami ɗan rakiya, a koma a yi wa dattawan ban kwana.

Da taya ta taɓa kwalta a tsaya a cire 4H, a mayar da iska yadda take. Tafiya da kilo 1.2 a kan kwalta na zafafa taya har ta fashe. In famfo ya gaza, a lallaɓa ƙasa da kilomita 30 a awa zuwa wurin mai faci na farko. A ranar, ba gobe ba, a kai motocin wurin wanki a ce a wanke ƙasa da ruwan famfo mai ƙarfi: shasi, bayan tayoyi, birki, salansa, har cikin ramukan ƙarfen da yashi mai gishiri ke maƙalewa. A buɗe matatar iska a kakkaɓe. In ruwan teku ya kai tsakiyar taya ko sau ɗaya, a sa makaniki ya duba man difaransiyal, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, sai a juye shi a zuba sabo kafin a kama hanyar arewa.